Kambu huɗu ko shekara goma sha shida a fage: wa za a sa gaba cikin manyan 'yan damben K-1?

Duk inda masu kallon damben hannu da ƙafa suka haɗu, ba a jimawa sai an tayar da tsohuwar gardamar nan ta wanda ya fi kowa a ajin masu nauyi a zamanin K-1. Wani ya ce Ernesto Hoost, wani ya ce Semmy Schilt, wani ya rantse ba a taɓa yin kamar Peter Aerts ba. Akwai 'yan tsiraru masu riƙe da tutar Remy Bonjasky, sannan samarin da suka fara kallo a zamanin Glory, gasar da ta yi tashe bayan K-1, su jefo sunan Rico Verhoeven. Daga nan sai a koma ƙidayar kambu: Hoost huɗu, Schilt huɗu, Aerts uku, Bonjasky uku. A watse kowa yana kan bakansa. Ƙidayar daidai take, sai dai ba ta faɗin yadda aka samu kowane kambu, ko a hannun wa aka ƙwace shi, ko abin da mutum ya yi a shekarun da bai ci ba. Wanda ke son ya tsayar da gwaninsa a kan hujja, da ɗan koyon da ke neman wanda zai zauna ya yi nazarin wasanninsa, dukansu sai sun tona ƙarƙashin waɗannan lambobi.

Sai an fara sanin irin gasar. Kazuyoshi Ishii, wani malamin karate ɗan Japan, shi ya kafa K-1 a 1993. A wancan zamanin, babban taronta na shekara gasa ce ta sili-ɗaya-ƙwale tsakanin mutum takwas, kuma a dare ɗaya ake yin ta a gama. Wanda zai ɗaga kambu sai ya kara da mutum uku cikin 'yan sa'o'i. Kowace karawa turmi uku ce, minti uku-uku, in aka tashi canjaras a ƙara turmi. A zagayen farko da na biyu, faɗuwa biyu a turmi guda ta isa alƙali ya tsayar da wasa. A karawar ƙarshe ce kawai ake jiran ta uku. Ana kuma tanadar 'yan ko-ta-kwana, waɗanda ke yin tasu karawar a farkon dare, don in wanda ya yi nasara ya ji ciwon da ba zai iya ci gaba ba a samu mai maye gurbinsa.

Wannan tsari ya sauya ma'anar nasara. A damben kare kambu, in ka ci ka ci, ko da a keken marasa lafiya za a kai ka gida. A nan kuwa sai ka ci da arha. Mutum zai doke abokin karawarsa a zagayen farko bayan ya sha shuri ashirin a cinya, ya koma ɗakin shiri ya zauna, jiki ya huce, cinya ta kumbura ta sandare, sannan a kira shi ya fito ya fuskanci wanda ya gama nasa wasan cikin minti ɗaya ko gumi bai yi ba. Don haka gasar ta fi yi wa mutum iri biyu daɗi: mai gamawa da wuri, da wanda ba a cika samun jikinsa ba. Na uku shi ne mai sa'a, kuma rabonsa ba kaɗan ba ne. A 2001 Mark Hunt na Niyu Zilan ya sha kashi da maki a hannun Ray Sefo a wasannin share fage, amma idon Sefo ya kumbura ya kasa ci gaba, Hunt ya wuce a madadinsa, ƙarshenta shi ya ɗauki kambun shekarar a Tokiyo. Sa'a ta fi sammako, in ji masu magana, kuma za mu sake cin karo da ita a tarihin kusan kowa a nan.

Daga 1993 zuwa 2010 an yi gasar sau 18. 'Yan Holan sun ɗauki 15. Ragowar ukun su ne Branko Cikatić na Kuroshiya a shekarar farko, Andy Hug na Suwizalan a 1996, da Hunt. Saboda haka gardamar kusan ta 'yan gida ɗaya ce.

Mu fara da wanda lissafinsa ya fi tsabta. Semmy Schilt dogo ne na ban mamaki, mita 2.12, nauyinsa wajen kilo 130. Daga karate ya fito, ya yi shekaru a damben da ake haɗawa da kokawa, a Pancrase da UFC da Pride, kafin ya tattara hankalinsa kan K-1. Sau biyar ya shiga daren ƙarshe. Ya ci 2005, 2006, 2007 a jere, abin da babu wanda ya taɓa yi, ya sake ci a 2009, sannan ya faɗi a zagayen kusa da na ƙarshe a 2010. In ka haɗa, wasa 14 ya yi a waɗannan darare, ya ci 13. Sau huɗu ya kai karawar ƙarshe, bai bar ko ɗaya ta kuɓuce masa ba. Kuma ba ragwaye ya tattake ba. A 2005 ya wuce Sefo da Bonjasky mai riƙe da kambu, ya kwantar da Glaube Feitosa na Burazil da gwiwa cikin ƙasa da minti ɗaya. A 2006 Jérôme Le Banner ne da Hoost da Aerts, ɗaya bayan ɗaya, dare guda. A 2009 ya gama da Le Banner da Bonjasky da Badr Hari duk a turmin farko, lokacin da ya shafe a fage gaba ɗaya bai cika minti shida ba. Bayan K-1 ta durƙushe, ya je gasar Glory ta mutum 16 a Saitama ranar ƙarshe ta 2012, ya doke mutum huɗu a dare ɗaya, ciki har da wani matashi mai suna Rico Verhoeven, ya rufe da Daniel Ghiță na Romaniya. A 2013 matsalar zuciya ta sa ya yi ritaya.

Abin da ake suka a kansa sananne ne: wai tsawo ne kawai. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafarta ba, don K-1 ta ga ƙattai da yawa, har da waɗanda suka fi shi tsawo kamar Choi Hong-man na Koriya ta Kudu, kuma babu wanda ya kusanci kambu a cikinsu. Abin da Schilt ya yi shi ne ya gina dambensa kacokan a kan tsawon nan. Naushin hannunsa na gaba yana da nauyin da wasu ke samu a hannun baya. Tokarin ƙafarsa a ciki, da tsinin yatsu irin na 'yan karate, yana kashe numfashi ya tsayar da mai shigowa. In ka jure waɗannan biyun ka matso, gwiwarsa tana daidai haɓarka ba tare da ya yi tsalle ba. Sakamakon shi ne yana fita daga zagayen farko jikinsa garau, wanda a gasar dare ɗaya ya fi komai daraja. Gaskiya ne kallonsa ba ya tayar da tsigar jiki, kuma 'yan kallon Japan ba su taɓa ƙaunarsa yadda suka ƙaunaci Hug ko Aerts ba. Ko da aka taƙaita cakumar wuya a dokokin K-1, mutane da yawa sun ɗauka da shi ake, amma bai daina ci ba.

Inda za a iya kama shi da hujja wuri biyu ne. Na farko, zamaninsa gajere ne, kuma ya zo lokacin da Hoost ya haura shekara 40, Aerts da Le Banner da Sefo duk sun sha duka na shekara goma. Na biyu, a wasannin da ba na gasa ba an sha ganin lagonsa. Alexey Ignashov ya yi masa bugun kwaf ɗaya a 2004, Badr Hari ya gama da shi cikin ƙasa da minti ɗaya a Amstadam a watan Mayun 2009. Wanda ya ƙi jin tsoron tsawon, ya kutsa ciki ya hana shi numfashi, yana iya girgiza shi. Sai dai kuma wata bakwai bayan nan, da suka haɗu da Harin a karawar ƙarshe ta gasa, Schilt ya kayar da shi sau uku a turmin farko.

Ernesto Hoost kishiyar wannan ne ta kusan kowace fuska. Asalinsa ba mai nauyi ba ne; daga ƙaramin aji ya hauro, har ya ci gasar K-2 ta masu ƙarancin nauyi a 1993, shekarar da ya kai karawar ƙarshe a K-1 ta farko Cikatić ya kwantar da shi. Laƙabinsa Mr. Perfect, wato wanda ba ya kuskure, kuma duk wanda ya kalli yadda yake ɗinka naushi da shuri zai gane dalili. Zai jefa naushi biyu a fuska don ka ɗaga hannu, ya sauke na hagu a hanta, ya rufe da shurin dama a cinya daidai lokacin da nauyinka ya sauka a kan ƙafar. Duk a numfashi ɗaya. Har yau wannan jeri shi ake koya wa yara a matsayin tushen salon Holan.

Kambunsa na farko bai zo ba sai 1997, yana ɗan shekara 32, bayan Aerts ya tare shi a zagayen kusa da na ƙarshe a 1995, Hug kuma ya yi masa haka a 1996. A 1997 ɗin ya wuce Le Banner da Francisco Filho da Hug. A 1999 Hug ne da Le Banner da Mirko Cro Cop, wanda ya narkar da naushin ciki. A 2000 Cro Cop da Filho da Sefo. In ana maganar ingancin waɗanda aka doke a kan hanya, waɗannan darare uku su ne suka fi nauyi a tarihin gasar a ganina, don mutanen duk suna kan ganiyarsu. Wannan ita ce babbar hujjar masu fifita shi a kan Schilt, kuma hujja ce mai ƙarfi.

Kambu na huɗun ne ke da tabo. A 2002 Bob Sapp, wani ƙaton Ba'amurke tsohon ɗan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka wanda bai daɗe da fara dambe ba, ya fitar da Hoost tun a share fage. Hoost ya dawo cikin takwas ɗin ne saboda rauni ya hana Schilt zuwa. Aka sake haɗa shi da Sapp a zagayen farko, ya kayar da Sapp da naushin ciki, amma a turmi na biyu Sapp ya matse shi a kusurwa alƙali ya tsayar da wasa. Sau biyu ke nan. Sai aka tarar Sapp ya ji ciwo a hannu ba zai iya ci gaba ba, Hoost ya sake dawowa. Sefo ya ji ciwo a ƙafa a zagaye na biyu, sannan a karawar ƙarshe shurin Hoost ya karya hannun Le Banner na hagu. Ba na cewa bai cancanta ba; doka ce ta ba shi, kuma hannun Le Banner ba da kansa ya karye ba. Amma wanda zai ajiye huɗun Hoost kusa da huɗun Schilt ya ce ɗaya suke, ya tuna cewa guda daga ciki an same shi ne a daren da aka doke mai shi. Sa'ar kuma ta taɓa juya masa baya: a 1998 tsagewar fatar ido ta fitar da shi a hannun Sam Greco, a 2001 ya ci zagayen farko rauni ya hana shi ci gaba. Ya yi bankwana da gasar a 2006 yana da shekara 41, a zagayen kusa da na ƙarshe, a hannun Schilt.

Yanzu ga wanda ke rikita lissafi. Peter Aerts, mai saran itacen Holan kamar yadda ake masa kirari, ya shiga gasar farko a 1993 yana saurayi, Hoost ya fitar da shi da maki. Shekara ta zagayo ya ɗauki kambu yana ɗan shekara 23, ya sake ɗauka a 1995. A 1998 ya yi daren da har yau ake nunawa: Masaaki Satake, Mike Bernardo, Andy Hug, duk a turmin farko, jimillar minti 6 da daƙiƙa 43, ya rufe da shurin kai da ya shimfiɗar da Hug. Shurin kansa ba irin mai walƙiya ba ne. Yana zuwa ne a bayan naushi, daga kusa, ƙwauri ya sauka a wuya kamar gatari, wanda aka yi wa bai ma gan shi ba.

Daga nan sai fari ya sauka. Wannan ɓangaren ne masoyansa ba sa son a taɓo. Daga 1999 zuwa 2002, shekara huɗu a jere, a zagayen farko ake fitar da shi: Le Banner, Cyril Abidi, Filho, Sefo. A 2003 Musashi na Japan ya tare shi da maki a zagaye na biyu. A 2004 ƙafarsa ta ba shi kunya a gaban Francois Botha. A 2005 ya doke Le Banner amma ya fito da ciwon haƙarƙari ya janye. Shekara bakwai cur bai ga karawar ƙarshe ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: Aerts mai shiga ne, yana karɓar duka don ya bayar, kuma jikin da ake yi wa haka shekara da shekaru yakan kasa kaiwa wasa na uku. In ma'aunin ɗorewa shi ne yawan cin wasa a daren ƙarshe, Aerts yana bayan Schilt nesa ba kusa ba.

Amma akwai wani ma'aunin. Daga 1993 har 2008 babu shekarar da aka yi daren ƙarshe ba tare da Aerts ya shiga gasar ba, shekara 16 a jere, a wasan da mutane ke ƙarewa cikin biyar. Sai 2009 Alistair Overeem ya tare shi a zagayen 'yan 16. Kuma lokacin da kowa ya ɗauka tasa ta ƙare, sai ya sake kai karawar ƙarshe sau uku: 2006, inda ya shigo daga benci bayan Bonjasky ya janye, 2007, inda gwiwarsa ta goce a turmin farko, da 2010, yana da shekara 40. Karawar ƙarshe shida ke nan, babu wanda ya kai haka, kuma tsakanin ta farko da ta shida shekara 16 ne. Ya kara da tsarar Cikatić, ya kara da tsarar Hug, ya kara da tsarar Hari.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihinsa shi ne yadda ya zame wa Schilt ƙarfen ƙafa. Sau biyar suka haɗu. Schilt ya ci biyu, kuma su ne masu kambu a kai. Aerts ya ci uku: a Niyu Zilan a farkon 2006, a zagayen 'yan 16 na 2008 a Koriya ta Kudu, da zagayen kusa da na ƙarshe a 2010. Ka lura da abin da wannan ke nufi. Daga 2005 zuwa 2010 an yi gasa shida, Schilt ya ci huɗu, kuma biyun da bai ci ba mutum ɗaya ne ya hana shi. Aerts bai yi wata dabara ta ɓoye ba. Ya ƙi tsayawa a inda hannun Schilt ke kaiwa, ya riƙa kutsawa yana dukan cinya da ƙirji, yana tura ƙaton baya har igiya. Kowa ya san haka ake yi. Shi kaɗai ya iya jure kuɗin da ake biya.

Remy Bonjasky shi aka fi yi wa rowar yabo, kuma akwai dalili, ko da yake an wuce gona da iri. Haifaffen Surinam ne, ya tashi a Holan, ya yi aikin banki kafin ya koma dambe gaba ɗaya. An san shi da gwiwar tsalle da shurin sama, da kuma garkuwar hannu biyu da yake rufe fuska da ita ruf, abin da ya sa ba a cika ji masa ciwo ba. Ga wata ƙididdiga da ba a cika ambata ba: daga 2003 zuwa 2009, shekara bakwai a jere, bai taɓa faɗuwa a zagayen farko na daren ƙarshe ba. Aerts bai yi haka ba, Hoost ma bai yi ba. Sau uku ya kai karawar ƙarshe, sau uku ya ci. A 2004 sai da ya yi turmi 12, minti 36 na dambe, kafin ya ɗaga kambu: huɗu da Hoost, uku da Botha, biyar da Musashi. Ajiye wannan kusa da minti shidan Schilt ka ga yadda hanya biyu ke kaiwa gida ɗaya.

Matsalar ita ce duk kambunsa uku sun zo ne a shekarun da Schilt ba ya cikin takwas ɗin. A 2003 da 2004 Schilt bai shigo ba tukuna, a 2008 kuma Aerts ya riga ya share masa hanya. Sau biyun da suka haɗu a daren ƙarshe, 2005 da 2009, a turmin farko aka gama, duk da cewa a na biyun shi ya fara kayar da Schilt. Biyu daga kambun a kan Musashi ya same su, ɗan dambe mai wayo da juriya amma wanda ba a sa shi a sahun farko. Hukuncin da ya ba shi nasara a kan Hoost a 2004 har yau ana gardama a kansa. Na 2008 kuwa ya ƙare ne da korar Badr Hari, wanda ya naushe shi ya kuma taka shi yana ƙasa. Ba laifin Bonjasky ba ne, shi ma ya riga ya kayar da Hari a turmin farko, amma mutane ba sa manta cewa ba a gama wasan ba. A wurina shi ne na huɗu, kuma na huɗu a wannan jeri ba abin kunya ba ne.

Akwai waɗanda ba za a sa su a takarar ba amma rashin ambatonsu zalunci ne. Andy Hug, mai tsawon mita 1.80 kacal a cikin ƙattai, ya kai karawar ƙarshe sau uku a jere daga 1996 zuwa 1998, ya ci ta farko. Cutar sankarar jini ta ɗauke shi a watan Agustan 2000 yana da shekara 35. Le Banner na Faransa shi ne babban misalin yadda gasar dare ɗaya ke cin masu ƙarfi: ya taɓa kwantar da Aerts, ya taɓa kwantar da Hoost, ya kai karawar ƙarshe a 1995 da 2002, bai taɓa ɗaga kambun ba, don salonsa na a-mutu-ko-a-yi-rai ba ya barin komai a ajiye don wasa na uku. Hari ya kai ƙarshe sau biyu a jere ya tashi hannu rabbana, ɗaya saboda zuciya, ɗaya saboda Schilt. Overeem ya ci 2010, amma sau ɗaya ba ya zama tarihin ɗorewa, kuma ya tarar da Gökhan Saki da Aerts duk sun riga sun ragargaje kafin su iso gabansa.

Sai Verhoeven. Karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma babu mai musun cewa ya mallaki zamaninsa: ya ɗauki kambun Glory a 2014 ya riƙe shi sama da shekara goma. Amma yawancin wannan mulki kare kambu ne, mutum ɗaya a dare, turmi biyar, bayan watanni na shiri a kan abokin karawa guda da aka sani. Jarrabawa ce mai wuya, sai dai daban take. A gasa, ya ci ta mutum huɗu a Chicago a 2013 inda ya wuce Saki da Ghiță, ya ci wata ta mutum huɗu a 2021, sannan a watan Maris na 2024 a Arnhem ya shiga ta mutum takwas yana riƙe da kambunsa, abin da ba dole ba ne ya yi, ya doke mutum uku ya karɓi dala 500,000. Wannan daren ya rufe bakin masu cewa ba zai iya tsarin dā ba. Duk da haka dare ɗaya ne na mutum takwas, su kuwa waɗancan kowace shekara suke shiga wannan wuta. In tambayar ita ce wa ya fi daɗewa a kan karaga, shi ne. Tambayarmu a nan ta gasa ce, kuma a wannan ba shi da isassun darare da za a auna shi da su.

To wa za a zaɓa? In aka ce in sa kuɗina a kan mutum ɗaya, a jefa shi cikin kowace takwas daga kowace shekara, Schilt zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba, kuma shi nake sa wa a lamba ɗaya in ana maganar gasa zalla. Ci 13 cikin 14 ba ya faruwa da tsawo kawai, kuma babu kambunsa ko ɗaya da ya shigo ta ƙofar baya. Hoost na biye masa kurkusa, har in wani ya juya jerin saboda ingancin mutanen 1997 zuwa 2000 ba zan yi faɗa da shi ba, muddin ya yarda a cire 2002 daga baki ko a rage mata nauyi. Zuciyata tana wurin Aerts, na kuma san zuciya ce, don shekara bakwai ɗin nan na fari ba sa gogewa. Amma wanda a wurinsa ɗorewa ke nufin a zo a same ka a fage bana da baɗi da shekara goma masu zuwa, kana kuma iya kayar da zakaran lokacin, ba shi da wani zaɓi sai Aerts.

Ɗan koyo kuwa kada ya ɓata lokacinsa a kan Schilt sai in shi ma ya haura mita biyu, don abin da ke aiki a can ba ya sauka a jikin kowa. Kada kuma ya kwaikwayi yadda Aerts ke karɓar duka. Ya nemi wasannin Hoost na 1997 da 1999, ya riƙa tsayar da hoton yana duba inda ƙafar abokin karawa take a duk lokacin da shurin cinya ya sauka, sannan ya duba yadda Bonjasky ke rufe fuska ya fita daga zagayen farko ba tabo. Mai kallo don jin daɗi kawai ya fara da daren 1998, ya bi da na 2009, ya ajiye na 2010 a ƙarshe. A can zai ga Aerts mai shekara 40, fuska a fashe, yana tura Schilt baya a turmi na uku har alƙalai suka ɗaga hannunsa, sannan ya dawo bayan ɗan hutu ya tsaya gaban Overeem da jikin da babu sauran komai a cikinsa. Wannan karawar minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ta ɗauka.